Kawu Sale da katun ɗin ramuwar gayya

Jiya ina gindin ɗorawa ina kallon katun ɗin Japan a waya, sai Kawu Sale ya leƙo, ya tambaye ni labarin me ne. Shekara tara ya yi a kurkuku kan satar shanu da bai yi ba.

Na ce masa daga tsohon littafi aka ɗauko labarin: an ɗaure mutum bisa ƙazafi, ya fito yana ramawa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shi ya same su da rai. Wanda ya yi min shaidar zur, ina fitowa ya rasu. Da ni aka haƙa kabarinsa, maƙwabcina ne."

Ya saɓa fartanya ya tafi ƙwadago, tunda an sayar da gonarsa yana kurkuku.

Ku da me za ku lallashe shi? Ni na rasa.