Jirgin Kawu Ba Shi da Tafinta

Illela ba ta da layin dogo sai wanda ke shimfiɗe a kan tebur a ɗakin baƙi na kawuna. Wani Bature da ya gama aikin noman rani a Kwanni, tsallaken iyaka, ne ya bar masa: kan jirgi ɗaya, 'yan taragu, da layin da ya zagaye teburin. A cikin kan jirgin akwai ɗan allon lantarki da bai fi farce ba, shi ke karɓar umarni daga wata na'ura mai maɓallai. In ka danna wannan ya tashi, in ka danna wancan ya yi kuka.

Kukan ne Kawu yake so. Yana saurayi ya sha kai fatu tashar Ƙauran Namoda, kuma ya ce sak irin wannan kukan yake ji a can. Da idonsa ya fara rauni sai ya daina kallon jirgin, yakan zauna ne kawai bayan la'asar ya saurara.

A daminar da na dawo daga bautar ƙasa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone na'urar. Tun da lantarki na karanta, kowa a gidan ni ya duba. Na ce zan gwada, ban yi alkawari ba. Na sa wani abokina a Legas ya samo sabuwa. Ta iso, na haɗa, fitilarta ta kama, jirgi kuwa ko motsi.

Sai da na yi ta karatu a waya na gane dalili, in dai na fahimta daidai. A da kowane kamfani da irin siginar da yake aikawa ta cikin layin. Daga baya yawancinsu suka yarda da iri ɗaya, shi sabuwar na'urar ta sani. Namu jirgin na tsohon tsari ne, masu shi sun daina yi. Na gaya wa Kawu yarensu ne ba ɗaya ba.

Ya yi dariya, ya ce a kasuwar nan Bazabarme da Bayarabe suna ciniki kullum ba wanda ke jin na wani, naira ma tana zama sefa a bakin iyaka.

"Mi ya hana ka samo musu tafinta, ɗana?"

Na ce akwai na'urori masu jin yare biyu ko uku, amma ban ga wadda aka tabbatar tana jin namu ba. Abin da zan iya shi ne in cire tsohon allon in sa na zamani, har da waya za a iya tuƙa shi. Ban ɓoye masa ba cewa shi ma wannan ban san shekara nawa zai yi kafin a sake sauya tsari ba.

Ya tambaya ko kukan zai zauna. Na ce kukan a cikin tsohon allon yake. Sabon zai zo da nasa, wataƙila mai kama da shi.

"To bar shi tsaye."

Haka yake tsaye har yau, an rufe shi da zane. Bayan la'asar Kawu yana zama a wurin duk da haka. Kwanan baya na ci karo a intanet da wani mutumin ƙasar waje da ke da irin tsohuwar na'urar, ya ce ta daɗe a ajiye, bai san ko tana aiki ba. Ban gaya wa Kawu ba tukuna. In na faɗa zai fara jira, ni kuwa ban san abin da zan ce masa ba idan ta iso muka danna maɓalli aka ji shiru.