Katin Oga

Na daɗe ina tuƙa wani darakta da ke zaune a Maitama. Lokacin gari na ta bunƙasa, duk inda ka juya gini ne, ana cewa kuɗin mai ya shigo. A shekarun nan babban ɗana ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gidanmu a Ushafa yana jiran aiki.

Wata safiya na yi ta maza na roƙi oga. Ya zaro katinsa, ya rubuta layi biyu a baya, ya ce yaron ya kai wata ma'aikata. Na durƙusa na yi godiya.

Sai dai direba yana jin abin da ake faɗa a kujerar baya. Na san oga yana raba katin nan kamar goro. Wanda yake so a ɗauka da gaske, kafin mu isa ofis zai ɗaga waya: "Ranka ya daɗe, na turo maka yaro, nawa ne." Katin da ba a bi shi da kira ba, sallama ce kawai.

Kowace safiya nakan rage rediyo in kasa kunne. Na ji an kira don ɗan amininsa, na ji an kira don ƙanen matarsa. Ban ji namu ba, ban kuma faɗa wa ɗana ba. Ya yi ta goge rigarsa ɗaya yana shiga gari, ni kuma ina cewa ya ƙara haƙuri.

Wata ma'aikaciya ce a inda ya kai katin ta ji tausayinsa ta gaya masa kira ake jira. Da yamma ya same ni ina alwala.

"Baba, kai da kake cikin motar, ka taɓa jin ya kira?"

Na ce ban ji ba.

"Kuma ka san sai an kira?"

Na ci gaba da wanke ƙafata.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne. A nan ba takardata ake dubawa ba, ubana ake dubawa."

Bai ɗaga murya ba. Abokansa biyu sun riga sun tafi Turai, ɗaya yana jinyar tsofaffi da digirinsa. Ya ce ko wannan ya samu zai yi. Bayan babbar salla ya zo neman albarka. Na so in ce ya tsaya, na nemi dalilin da zan ba shi na rasa. Na sa masa albarka, ya bi su.

Bara uwarsa ta rasu. Takardunsa na can ba su cika ba, in ya fito ba zai iya komawa ba. Ni na ce kada ya zo.