Yatsun Kabo mai ruwa

Kabo Bazazzagi ne, ni kuwa Bakanuwa, don haka tun ranar da ya fara kawo mini ruwa a unguwar Mansur a Makka, inda nake toya waina, na sanar da shi cewa bawana ne. Bai musa ba. Ya sauke garewaninsa biyu, ya zauna yana ƙwanƙwasa sandar ɗaukarsu da yatsu goma, idonsa a rufe. Na ɗauka aljanu ne. Na ce in suna son waina su yi magana da baki.

Sai da muka shekara kafin ya gaya mini. A hanyarsa ta zuwa hajji guzuri ya ƙare a Hartum, ya yi shekara tara yana goge daɓe a wani otal. A nan akwai fiyano, wani akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe, da wani tsohon Bagirike mai kaɗa shi. Da hantsi, in zauren ba kowa, tsohon yakan kaɗa wasu 'yan kiɗe-kiɗe da baƙi ba su taɓa nema ba. Kabo ya riƙa tsayawa da tsumma a hannu, har tsohon ya gaji ya zaunar da shi. Guda bakwai ya koya. Bai riƙe sunayensu ba, sai ya raɗa musu nasa: akwai Tsohuwa Na Hawa Bene, akwai Ruwan Safe.

To Makka ba garin kiɗa ba ce, fiyano kuma ko a mafarki. Abin da ya rage masa shi ne sandar nan. Kullum sai ya bi bakwai ɗin a kanta don kada su gudu. Ni dai ƙwas-ƙwas nake ji. Ina kallon hannuwan suna kumbura da igiya da nauyin garwa, shekara goma sha ɗaya, ban ce komai ba, ni da bakina ba ya hutawa.

Bayan hajjin 1965 Mukhtaru direban lori ya zo neman 'yan dako. Wani kamfani a Jidda ya gayyato wani shahararren makaɗi daga Turai, ana son masu hawa da fiyano bene. Kabo ya wanke riga, ya yanke farce. Na ce, “Bawana, ango za ka zama ko jaki?” Ya ce so yake kawai ya ji ko bakwai ɗin suna nan a yatsunsa.

Bayan kwana biyu ya dawo. Ya zauna, sandar na jingine, bai taɓa ta ba. Da ƙyar na tatso labarin. Su shida suka hau da akwatin. Da sauran suka sauka shan ruwa ya buɗe murfin, ya ɗora hannu. Kowane yatsa haƙori biyu yake dannawa, ƙaramin kuma ya ƙi miƙewa sam. Ya rufe kafin a ji.

Da la'asar aka bar su a bakin ƙofa saboda su ne za su kwashe kujeru. Makaɗin ya yi kiɗansa, aka yi ta tafi. Daga ƙarshe tafinta ya ce makaɗin zai ƙara wani ɗan guntu da ba kowa ya san shi ba. Ashe Tsohuwa Na Hawa Bene ce. Kabo ya bi shi da yatsu a kan gwiwarsa, sai a tsakiya mutumin ya shiga wani wuri mai tsawo da Kabo ya manta ma akwai shi. Bai san shekarar da ya zube masa ba.

Na ce ai tsohuwa ce, dole ta tsallake matakala. Bai yi dariya ba.

“Hajiya,” in ji shi, “in wannan ta ɓalle ban sani ba, sauran shidan fa? Shekara nawa ina kaɗa ƙarya a kan sanda?”

Na zuba masa waina, ya ci biyu.

Ya ƙara shekara uku yana kawo ruwa, in ya zauna hannuwansa a kan cinya kamar na aro. Aka yi masa salla a Harami cikin gawa takwas, liman bai san sunansa ba. Sandar tana bayan ƙofata. Wani lokaci nakan tsinci kaina ina ƙwanƙwasa gefen tanda yadda yake yi. Ban san wacce ce daga cikin bakwai ɗin ba, ban kuma taɓa jin yadda take da sauti ba.