Sunan Fiifi a Cikin Ƙararrawa

Duk wanda ya yi aikin sojan ruwa a Sekondi ta ƙasar Ghana ya san Ebo Quayson, kukun jirgin yaƙin nan da ma'aikatansa ke kira Tsohuwa. Gajere ne kakkaura, ga baki kamar reza. Ka ce miyarsa ta yi gishiri, sai ya nuna maka teku da ludayi ya ce ka kai ƙara can. Ɗan masunta ne, ya shiga soja yana saurayi, a bakin tukunya kuma ya yi furfura.

Bisa al'ada, kuku ke goge ƙararrawar jirgi. Idan kuma aka yi wa ma'aikaci haihuwa, akan sauke ta a juya bakinta sama, a zuba ruwa, limamin coci ya yi wa jaririn baftisma a ciki, sannan a sassaƙa sunansa a jikin tagullar ta ciki. Haka aka yi wa Fiifi, ɗan Ebo tilo. Yaron ya girma ya bi kwalekwalen kawunsa. Wata damina suka fita kamun kifi, teku ta dawo da kwalekwalen, ba ta dawo da shi ba. Babu gawa, babu kabari. Wurin da ya rage wa iyayensa su ɗora hannu su ce ga ɗansu, cikin ƙararrawar nan ne kawai.

Kowace safiya in Ebo ya gama goge ta, sai ya zura hannu ya shafa sunan. Duk ranar da ya koma gida kuwa, kafin ya cire takalmi matarsa Araba za ta tare shi.

"Baban Fiifi, ka gaishe mini da shi?"

"Na gaishe shi. Ya ce ki rage wa tsohonsa faɗa."

Ana haka aka kawo Kyaftin Dadzie. Allah ya raba mu da shugaban da idonsa ke kan kujerar gaba! Mutumin nan bai san sunan kowa ba, "kai" ne sunan kowa. Yana cin kaza a ɗakinsa, ma'aikatansa na shan garin rogo da ruwa. Ya soke hutu don wani ya bar guga a hanya. Ranar da Atta mai kula da inji ya kai rahoton bututu na yoyo, a gaban jama'a Kyaftin ya kira shi rago, ya sa shi tsallen kwaɗo, mutum mai jikoki. Daga ranar ba wanda ya sake ganin yoyo. Inda tsatsa ta ci, a shafa fenti a yi shiru.

Jirgin da a da ake jin waƙarsa tun daga bakin gaɓa ya koma kamar gidan makoki. Masu ƙarya da ciwon baya suka yi yawa, masu hanya suka nemi canji suka gudu. Shi ma Ebo an samo masa wuri a kicin ɗin bariki, aiki mai sauƙi, kullum ya kwana gida. Ya ƙi.

"Kai dai tsohon nan taurin kai zai kashe ka," in ji Atta. "Me ka ajiye a kangon nan?"

"In na tafi wa zai ciyar da kai, mummuna? Uwarka ma ta gaji."

Suka yi dariya, amma Atta ya san amsar, kowa ma ya sani.

Da aka ce manya za su zo duba jirgi, sai Kyaftin ya zama kamar wanda kunama ta harba. Wata safiya yana zagaye, mataimakinsa Laftanar Eshun na biye, ya tarar da Ebo a durƙushe, hannunsa cikin ƙararrawa.

"Kai! Me ka ɓoye a nan?"

Ya sunkuya ya leƙa da kansa, ya ga sunaye jere.

"Wannan ƙazantar fa? Jirgin yaƙi ne ko asibitin haihuwa? A kankare su tas kafin baƙi su zo."

"Yallaɓai, sunayen 'ya'yanmu ne," in ji Ebo. "Akwai nawa a ciki. Teku ta ɗauke shi, ba ni da kabarinsa. Ka yi mini rai, yallaɓai. Ba mai leƙa nan."

Ebo ya dubi Laftanar Eshun. Sunan 'yar Eshun ma yana ciki, Ebo ne ya dafa shinkafar bikin. Ma'aikata sun tsaya cirko-cirko, kalma ɗaya suke jira daga bakinsa su mara masa baya. Eshun ya kafa wa takalminsa ido.

"Tunda kai ne mai bakin magana," in ji Kyaftin, "kai za ka yi da hannunka."

Ni ma ina cikin masu tsayuwar, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Maza cike da jirgi, waɗanda aka horar su tari harsashi, aka rasa mai cewa uffan. Ba mugunta ba ce, an riga an kashe musu zuciya ne.

Atta ya kawo magagari, ya ajiye ba tare da ya ɗaga kai ba. Aka sauke ƙararrawar, aka juya bakinta sama kamar ranar baftisma. Ebo ya zauna cikin rana yana gurzawa. Kowane suna sai ya kira shi a fili kafin ya kankare, uban yaron in yana kusa ya juya baya. Da ya rage saura ɗaya, ya share cikin ƙararrawar fes, ya shimfiɗa farin hankicinsa a can ƙasan cikinta. A hankali ya bi haruffan Fiifi, garin tagulla na zuba a kan ƙyallen, har wurin ya yi sumul. Ya ƙulle hankicin ya sa a aljihun ƙirji.

Baƙi suka zo, suka sha lemo, suka yaba fenti, suka tafi. Ko kallon ƙararrawar ba wanda ya yi. A makon nan Ebo ya karɓi aikin bariki.

Ya isa gida da la'asar, Araba na tsugune tana gasa kifi. Ta ɗago tana fifita hayaƙi.

"Baban Fiifi, ka gaishe mini da shi?"

Ebo bai cire takalmi ba. Ya durƙusa gabanta, ya kamo hannunta, ya buɗe tafin, ya ɗora mata ɗan ƙullin.

"Yau na taho miki da shi gida," ya ce. "Tashi ki nuna mini inda za mu kwantar da shi."