Lungun da Na Buɗe wa Iska

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran kawuna, mai kiwon tattabaru, bayan jinyar faɗowar da ya yi daga rufin ɗakinsa.

Kawu, kai ka riƙe ni tun ina maraya. A tsakar gidanka na fara gini da taɓo, kana dariya kana cewa ko ƙadangare ba zai kama haya a ciki ba. Amma kai ka tsaya mini har na zama mai zanen gine-gine. Ba ka iya cin abinci kai kaɗai. In babu baƙo, sai ka leƙa waje ka nemo.

Da aka ba ni aikin benaye biyu a filin bayan gidanka, ka fi kowa murna. Muka sare mangwarorin wurin, muka shafe ƙasa da siminti. Na san abin da zai biyo baya, domin an koya mana. Itatuwa da gajerun gidaje suna rage wa iska gudu, amma in ta bugi dogon bango sai ta gangaro, ta matsu tsakanin gini da gini, ta fito tana juyi. Mai ginin yana son ƙarin shaguna, sai na ƙuntata tsakanin benayen. Bakin lungun kuwa rufinka yake kallo.

Tattabarunka suka fara kasa sauka, shanyar Inna, matarka, ta koma kwana a gidan maƙwabta. Ba ka yi mini ƙorafi ba. Cewa kawai ka yi: "Ɗana, maƙwabciyar da ka kawo mana ba ta sallama."

Da kwano ya fara ɗagawa ka gaya mini, na ce zan turo kafinta. Aiki ya sha kaina, na manta. Ka gaji da jira, ka hau da gudumarka, iska ta fizge fallen kwanon yana hannunka.

A zaman makoki Inna tana ce wa masu gaisuwa iska ta Allah ce, tana kuma sa mini albarka don ban bar gefen gadonka a asibiti ba. Na sunkuyar da kai ina amsa amin. Na yarda ajali ba ya jira, amma kunya ta hana ni haɗa ido da ita, kuma ban nemi gafararka ba kana da rai.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba 'ya'yanka haƙuri. Inna kuwa ba ta karatu, don haka da kaina zan durƙusa gabanta in karanta mata wannan. Allah ya ba ta haƙurin rashinka, da na abin da za ta ji daga bakina.