Gurbin da Sirajo Ya Bari

Wata ranar Talata ce cikin Agusta. Tun asuba ake ruwa, hanyar Kebbe ta zama laka, ko babur ba ya iya ratsa ta. Sirajo, malamin dabbobi, yana zaune a shagon ƙanensa a Tambuwal lokacin da waya ta shigo.

Sirajo mutum ne mai sanyin hali. Shekara goma sha bakwai ya yi yana bin rugage yana yi wa shanu allura, kuma duk tsohon da ya gaya masa maganin dabba sai ya rubuta. Da asu ya fara cin littattafan da yake rubutun a ciki, ya ce zai zuba su a shafin intanet don masu bincike da makiyaya. Bai iya gina shafi ba, sai ya samu manhajar AI. Yana gaya mata abin da yake so, tana ginawa.

To, tsofaffin Kebbe suna da al'ada: za su faɗa maka itacen, amma ba su faɗin awo sai ka kawo dabbar sun gani da ido. Saboda haka duk wurin awo Sirajo ya bar shi fili. Da ya gama, ya ce wa manhajar ta gyara shafin ya yi kyau, kada a ga giɓi. Bai sake dubawa ba.

Wanda ya kira a ranar Talatar nan Sambo ne, makiyayi, abokinsa tun ƙuruciya.

"Malam, ashe ka ƙwace sirrin tsofaffi! Na ga awon nonon tunfafiya a shahinka, cokali huɗu. Na ba maruƙa biyu da sahe."

Sirajo bai taɓa rubuta wani awo ba. Ya buɗe shafin. Kowane gurbi a cike yake, lamba tsaf, kuma a ƙarƙashi ga sunan tsohon da bai faɗa ba. Manhajar ce ta cike.

"Sambo, suna tsaye?"

"Guda ta kwanta, tana dalala. Mi ya faru?"

"Kada ka ƙara ba kowa. Ka gaya ma duk wanda ka tura ma hoton shafin."

"Ai na tura ma mutanen Dogon Daji duka."

Ya rufe shafin nan take, amma hoton da aka ɗauka ya riga ya shiga wayoyi. Sai washegari ya isa rugar Sambo, rabi a babur rabi a ƙafa. Maraƙa ɗaya ta mutu. Sambo bai zage shi ba, bai kuma ba shi tabarma ba.

Sati uku Sirajo yana bin kasuwanni yana roƙon mutane su goge hoton. Har yau bai san wayoyi nawa ke ɗauke da shi ba.

Yanzu yana Kebbe, yana aikin allurarsa. Shafin a rufe yake.