Ƙuri'ar da Yaya Ba Ta Juya Ba

Yayata ta shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji uku a firamaren unguwarmu, kuma ba ta taɓa duba takardar jarrabawa tana kallon sunan mai ita ba. Naɗe saman takardar take yi, ta kafe da allura. Shekarar da 'yarta ta faɗi lissafi a hannunta, sai da aka warware takardu ta sani. Suka zauna suka sha kuka tare, amma ko maki ɗaya ba ta ƙara mata ba. Ni a wurina taurin kai ne kawai, kuma na sha faɗa mata.

Zaɓen da ya wuce, ita aka damƙa wa rumfar zaɓen da ke makarantar. Sau biyu a jere ana soke ƙuri'un rumfar nan saboda rigima, har mutane suka ce sun yafe. Wannan karon sai da aka bi gida-gida ana lallashi kafin suka fito. Ni tela ne, ni ne kuma wakilin jam'iyyarmu. Wakilin ɗaya ɓangaren wani mahauci ne da muka shekara huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Da la'asar aka zazzage akwati a kan tebur a barandar aji. Rajista ta nuna mutum ɗari uku da goma sha ɗaya suka yi zaɓe. Ƙuri'u suka fito ɗari uku da goma sha biyu. Aka sake ƙirgawa, ɗayar nan tana nan daram. Kowa ya san ƙa'ida: in ƙuri'u suka fi mutane yawa, za a soke rumfar gaba ɗaya.

Mahauci ya nuna ni da yatsa. "Aikinku ne. Ai yayarka ce."

Na mayar masa da wadda ta fi ta zafi. A bayanmu na ji ana jan benci, wasu sun fara tsintar duwatsu.

Yaya ta buga dastar goge allo a tebur sau uku, irin bugun da rabin mutanen wurin suka sani tun suna yara.

"Duk takardar da na miƙa wa mutum yau, sai da na sa hannu a bayanta," in ji ta. "Za mu kife su duka. Wadda babu hannuna, ba daga gare ni ta fito ba, za mu cire ta. Amma babu mai ganin fuskarta, har ni."

"A'a, Malama," in ji mahauci. "A juya, mu san ɓarawon."

"In ka san shi, za ka bar makarantar nan a tsaye?"

Ta sa ni da shi muka ce mun yarda, da ƙarfi, kowa yana ji.

Ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, bayan takardar yana kallon jama'a, ita ta kau da kai, su kuma suna amsawa, "Akwai." Can bayan an wuce ɗari biyu ta ɗaga wata, babu wanda ya amsa. Bayanta fari fat. Ta ninke ta a kife, ta sa a ambulan, ta liƙe.

Sannan aka juya sauran aka ƙirga. Sun fi mu da ƙuri'a ɗaya tak.

Mutanenmu suka yo kaina. "Kada ka sa hannu a sakamakon nan. A buɗe ambulan." Wallahi zuciyata tana tare da su. Na kuma san in na ƙi, duwatsun nan za su tashi.

Na kalli Yaya. Ba ta roƙe ni ba. Biro kawai ta ajiye a gabana.

"Auta, saura kai."

Na sa hannu. Ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Tana liƙa sakamakon a bangon aji, wata tsohuwa da ta wuni a zaune a gindin baranda ta ja mata gefen zane.

"'Yar nan, tawa tana ciki?"

"Tana ciki, Inna."

"To, a kama ni in tashi."

Ni na kama hannun dama, mahauci ya kama na hagu.